Core i7 ɗin ƙarya: ku yi hattara da masu tallar laptop a intanet

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ni da ake kira a tambaya wace kwamfuta za a saya, wai ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Core i7 ƙarni na 8 (processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar), SSD 1TB (ma'ajiyar bayanai). Haka mai sayar da laptop ɗin ya rubuta a tallar. Da muka haɗu, da hannunsa ya buɗe min Settings, ya ce, "Yallaɓai, duba da idonka." Na duba. i7 ɓaro-ɓaro, ga Windows 11 a kai. Na ce a raina ai Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ke nan maganarsa ta tabbata. Ku gaya min, wannan lissafin wawa ne? Ashe da Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filas da ita, ake tsallake sharaɗin a cusa ta ko a tsohuwar akwala. Kuma na san da haka, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Tarin wata huɗu na miƙa masa. Wata huɗu cur! Dama tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake neman canji, shi ya sa na yi gaggawa.

Sai da hotunan aikina suka fara ƙin buɗewa... a'a, kafin nan ma fanka ta fara kuka, na ɗauka ƙura ce. Na saka CPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin processor ɗin kwamfuta: Core i3 ƙarni na 4, irin na 2013. Sunan kawai ya sauya a registry, inda Windows ke ajiye saitunanta. SSD ɗin kuwa H2testw, manhajar gwada ainihin girman ma'ajiya, ta tona asirinsa: 128GB aka yi wa kwaskwarima yake nuna 1TB, duk abin da ya haura nan ya lalace. 1TB, in ji shi!

"Duba da idonka." Har murmushi yake. Da na ce bari in shiga BIOS, shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai ya ce caji ya kusa ƙarewa, ni kuma kunya ta hana ni matsa masa. Yanzu lambarsa a kashe.

Hotunan hirarmu da na CPU-Z suna nan, zan ɗora su anjima. Kada ku yarda da Settings. Ku shiga BIOS, ku je da CPU-Z a filas, in ya hana, ku tashi ku tafi.

Wata huɗu, a kan i3. Allah ya isa.