Jakunkunan gefe a babur ɗina: abin da na gani tsakanin Yamai da Tawa

Babur ɗina Yamaha DragStar 650 ne, irin dogon nan mai kujera ƙasa-ƙasa, na hannu na saye shi a nan Yamai. Yana da daɗin zama a doguwar hanya, amma ko gorar ruwa ba ka da inda za ka sa. Ni kuwa iyayena suna Tawa, tafiyar sama da kilomita 500 ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma ba a shiga gida hannu rabbana.

Na fara da jakunkunan kasuwa na fatar roba, waɗanda ake ratayawa a ƙarƙashin kujerar baya, ɗaya dama ɗaya hagu kamar mangalar jaki. Suna da araha, ɗaura su ba wuya, kuma a cikin gari ban ga laifinsu ba. Da aka zuba musu kaya ne halinsu ya fito. Ba abin da ke tokare su, sai su lanƙwashe su nufi taya. Salansar wannan babur guda biyu ce, duka a dama, don haka gindin jakar dama ya narke, ta hagu kuma taya ta goge ta har ta huje. Ranar Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ta ƙarasa sauran: robar ta bushe ta tsattsage. Zif ɗin ma tun lokacin hunturu ƙura ta cushe shi.

Abin da ya gyara mini tafiya ƙarfen riƙo ne, kuma shi nake so mai karatu ya fi kula da shi. Wani mai walda a kasuwar Katako ya lanƙwasa mini rodi biyu, ya ɗaure su a kusoshin da ke riƙe murfin tayar baya, bayan ya canza su da waɗanda suka fi tsawo. Kafin ya yanka komai sai da ya sa ƙanena ya hau baya, ni ina gaba, sannan ya auna. Dalilinsa shi ne babur yana nutsewa idan ya ɗauki nauyi, tazarar da ka gani yana tsaye ba kowa a kai ba ita ce ta gaskiya ba. Ya bar kamar santimita 5 tsakanin jaka da salansa. Fitilun sigina na baya sun tare wurin, dole aka mayar da su kusa da lamba, aka ƙara tsawon waya. Wannan ƙaramin aiki ne, amma duk wanda zai sayi jaka mai tsawo ya sa shi a lissafi.

Jakunkunan kuwa wani baduku ne a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ya ɗinka. Na so fatar jar akuyar Maraɗi saboda kyanta, ya ce a'a, laushinta na takalmi ne da jakar hannu, babur sai kaurin fatar saniya. Ya sa faranti mai ƙarfi a bayan kowace jaka, ya yi murfi mai saukowa ya rufe baki, da ɗamara maimakon zif. Tun daga nan ƙura ba ta shiga sai kaɗan, kuma jakar ba ta motsi ko a inda kwalta ta farfashe. Ina shafa musu man kaɗanya idan sun fara bushewa.

Suna da nasu rauni. Ba su da makulli, takardun babur da kuɗi a jikina suke kwana. Ruwan Agusta idan ya yi ƙarfi yana bin ɗinki ya shiga, sai na naɗe tufafi a leda. Babur ya ƙara faɗi, a cunkoson gadar Kennedy ba na kutsawa yadda 'yan kabu-kabu ke yi. Girgizar hanya kuma tana kwance noti, shi ya sa nake duba su duk lokacin da na tsaya shan mai.

Akwatunan roba masu makulli sun fi tsaro, na yarda. Sai dai babur ya kife da kai a rairayi sau ɗaya su fashe, gyaransu kuma wahala ne. Fata in ta yage, baduku yana nan a Tawa kamar yadda yake a Yamai. Kaya masu nauyi ina sa su a ƙasa, ina raba su daidai gefe da gefe, ba na wuce kilo 5 a kowace jaka.