Gargaɗi ga masu taya tsofaffin motocin tsere a gwanjon intanet

Jama'a, musamman 'yan uwa dillalan mota da suka saba ɗauko kaya daga gwanjon Amurka da Ingila, a yi hattara da wata damfara da ake yi da tsofaffin motocin tsere, irin waɗanda ake cewa an tsince su a rumfa shekara da shekaru ba a taɓa su ba. Wanda ya goge a sayen motar haɗari a Copart yana iya ɗauka duk sammakal ne, alhali wannan kasuwa ce daban, kuma ɓarayinta sun fi sanin kanta.

Ga yadda suke yi. Za a yi gwanjo na gaskiya a shafi irin Bring a Trailer ko eBay Motors, a ce Jaguar E-Type ce ta 1964, ƙura ta rufe ta, tayoyi sun kwanta, kujerun fata sun tsattsage. An taya, wani ya saya, an tashi. Bayan kwana biyu sai saƙo ya shigo maka, kai da ka taya ba ka samu ba: wai wanda ya ci gwanjon ya kasa biya, an sallama maka a kan tayinka, har da ragi in za ka biya cikin makon nan. Wani lokaci kuma sukan kwashe hotunan gaba ɗaya, su manna a wani shafi da suka ƙirƙira mai kama da na kamfanin gwanjo, su rubuta rabin kuɗi. Motar gaskiya ce, tana nan a duniya. Ba ta dai taɓa zama a hannun mai yi maka magana ba.

Abin da ya sa suke son motar da ba a gyara ba shi ne, lalacewarta tana ba su amsar kowace tambaya. Ka ce a tayar da inji ka ji, a ce ai shekara talatin ba ta tashi ba. Takardu fa? Sun ɓace tun rasuwar mai ita. Ga shi kuma farashinta ba shi da tsayayyen ma'auni. Kamfanin Hagerty, mai inshora da ƙiyasta farashin tsofaffin motoci, yana kasa lafiyar tsohuwar mota mataki huɗu, daga ta ɗaya mai shiga gasar baje koli zuwa ta huɗu da ake hawa da 'yan matsalolinta. Wadda ko tashi ba ta yi, tana ƙasa da wannan sikeli, don haka kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sannan kwaɗayi ya samu labarin da yake riƙewa: a 2015 kamfanin gwanjo na Artcurial ya sayar da wata Ferrari 250 GT California a Paris sama da Yuro miliyan 16, motar da aka samu a gidan iyalin Baillon a yammacin Faransa an jibge mata tsofaffin mujallu. Tun daga nan duk mai ƙurar mota gani yake taska ya tono.

To amma me ke sa kuɗin irin wannan mota? Lambobi ne. A E-Type akwai farantin ƙarfe mai ɗauke da lambar shasi, ta bodi, ta inji da ta giya, kuma Jaguar Daimler Heritage Trust a Ingila tana ba da takardar shaida daga kundin masana'anta, mai nuna lambobin da motar ta fito da su da launinta na asali. In injin da ke ciki ba nata ba ne, daraja ta faɗi. Ta farkon fitowa ta 1961 mai shimfiɗaɗɗen daɓe ta fi tsada nesa ba kusa ba, mai kujeru huɗu da aka fara a 1966 kuwa ta fi araha, ko da a hoto suna ɗibar kama. Sai tsatsa. Gangar jikin E-Type ita ce ƙashin bayanta, in tsatsa ta cinye daɓe da gefen ƙofofi, kuɗin walda da fenti kaɗai na iya wuce abin da aka saye ta. Porsche ta ƙera Carrera RS ta 1973 guda 1,580 kacal, amma an mayar da Porsche 911 gama-gari da yawa sun koma kamarta, kuma ƙura tana ɓoye wannan aiki fiye da sabon fenti.

Wani wurin da mutanenmu ke faɗawa: lambar shaidar mota (VIN) mai harafi 17 daga 1981 ta zama ƙa'ida. Motar 1964 lambarta gajera ce, Carfax, kamfanin da ke ba da rahoton tarihin mota, ba ya karanta ta. Duk wanda ya turo maka rahoton Carfax na irin wannan mota, shi ya zauna ya zana abinsa.

Kada a ɗauka tatsuniya ce. A 2019 gwamnatin Amurka ta sanar da tuhumar mutum 20 a kotun tarayya da ke jihar Kentucky, 'yan wani gungu mai cibiya a garin Alexandria na ƙasar Romaniya (ba Iskandariyar Masar ba), saboda tallar motocin da babu su a shafukan eBay da Craigslist. Sukan ce su sojojin Amurka ne da aka yi wa canjin wurin aiki, dole su sayar da gaggawa, su turo rasit mai tambarin eBay, kuɗin kuma a juya su zuwa bitcoin. Amurkawa aƙalla 900 suka cuta. Rossen Iossifov, ɗan Bulgeriya mai canjin bitcoin da ke wanke musu kuɗi, an ɗaure shi shekara goma a 2021. In Ba'amurke da ke cikin ƙasar ya sha wuyar gano kuɗinsa, ina ga wanda ya tura daga Kano ko Maraɗi?

Don haka ba a cinikin biri a sama. Duk tayin da ya zo ta imel ko WhatsApp bayan an rufe gwanjo, ka shiga shafin da hannunka, ba ta mahaɗin da aka turo ba, ka tambayi kamfanin. Ka sa hotunan a binciken hoto na Google, sau da yawa za ka ga ainihin gwanjon da ranar da aka sayar. Ka nemi mai motar ya kira ka ta bidiyo yana tsaye a kanta, ya goge ƙura ya nuna lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi da na inji, don farantin kam ana iya ƙera sabo. Sannan ka biya bakaniken da kai ka zaɓa ya je ya shiga ƙarƙashinta. In aka ce motar tana hannun kamfanin jigila a kulle cikin kwantena, sai an ba da kafin alƙalami za a buɗe, to a nan za ka rufe zancen. Kuma kafin ma ka taya, ka tambayi wakilinka na kwastan ko dokar shekarun mota za ta bar ta ta shigo Najeriya.