FC Mobile ko eFootball: wanne za a sauke?

Kullum sai an yi min wannan tambaya. Dukansu wasannin ƙwallon ƙafa ne da ake bugawa a waya, kyauta ake saukewa, ribar kamfanonin tana zuwa ne daga sayen 'yan wasa a ciki.

FC Mobile na kamfanin EA, wanda ya bar sunan FIFA a 2023, yana da lasisin Firimiya da Gasar Zakarun Turai, shi ya sa kasuwarsa ba ta mutu ba. Amma yana jan aljihu, don sabbin katunan 'yan wasa kan rage darajar tsofaffi.

eFootball na kamfanin Konami, magajin tsohon wasansa PES tun 2021, ya fi daɗin taɓa ƙwallo, gaskiya, sai dai wasu ƙungiyoyin ba da sunayensu na ainihi ba.

Mai son tara taurari, FC Mobile. Mai son dabara a fili, eFootball.