Valium a kan sikeli: inda yake ceton rai, da inda ya cuci matan gida

Valium sunan kasuwa ne da kamfanin Hoffmann-La Roche na Suwizalan ya raɗa wa sinadarin diazepam, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1963. Ƙwayar kamfanin kala uku ce, kowace da ƙarfinta: fara miligiram 2, ruwan ɗorawa miligiram 5, shuɗiya miligiram 10. Akwai na allura, miligiram 10 a cikin mililita 2, akwai kuma ruwan da ake matsawa ta dubura. Tun da wa'adin mallakar Roche ya ƙare a 1985, kamfanoni barkatai ke buga nasu, saboda haka yanzu kala ba hujja ba ce, sai an karanta lambar da ke jikin kwali. Mai miligiram 5 ɗin ce ake kira D5 a garuruwanmu.

Hukuncinmu a kansa a fili yake. A aikin gaggawa, na sa'o'i ko na 'yan kwanaki, magani ne nagartacce, mai araha, wanda bai kamata a rasa shi a asibiti ba. A aikin da ya yi suna da shi kuwa, wato kwantar da hankalin matar aure kullum safe da dare wata da watanni, mummunan zaɓi ne. Ba hasashe muke yi ba. An gwada hakan a kan miliyoyin mata a Amurka da Ingila fiye da shekara ashirin, an kuma ga yadda ta kaya.

Kafin 1955, matar da ta je wa likita da kukan rashin barci ko faɗuwar gaba, magungunan barbiturate ake rubuta mata. Aibinsu shi ne tazarar da ke tsakanin abin da zai sa barci da abin da zai kashe ƙanƙanuwa ce. A 1955 sai Miltown ya fito, sinadarin meprobamate mai miligiram 400, wanda Frank Berger ya samar wa kamfanin Carter. Da farko ma ba na mata ba ne kaɗai, manyan ma'aikatan kamfanoni da taurarin Hollywood sun yi rububinsa, har kantunan magani suka riƙa liƙa takarda cewa ya ƙare. Cinikin ya ja hankalin Roche. A ɗakin gwajinsu na Nutley, a jihar New Jersey, Leo Sternbach ya haɗa wani sinadari a 1955, aka ajiye shi aka manta, sai a 1957 aka gwada shi a kan dabbobi aka ga yana kwantar da su ba tare da ya sumar da su ba. Shi ne Librium, wanda ya fito a 1960. Bayan shekara uku ƙanensa Valium ya biyo baya, ya fi shi ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 1982 babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamarsa, kuma a 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya kusan biliyan 2.3.

Mata sun ninka maza wajen karɓar wannan takarda, kuma akwai dalili. A shekarun 1950 rabin 'yan matan Amurka sun yi aure kafin su wuce shekara 20 ko kusa da haka. Ana ta gina sababbin unguwanni a bayan gari, nesa da dangi. Maigida ya fita da mota tun safe, ita tana gida da yara ƙanana, ba uwa, ba 'yar'uwa, ba wanda zai karɓe ta ko na sa'a ɗaya. Idan ta kai kuka asibiti, mintunan da likita ke da su ba su isa sauraro ba, amma sun isa rubuta takarda. Talla kuma ta yi nata aikin. Ba a gidan rediyo ake yin ta ba, a mujallun likitoci ake bugawa, kuma kamfanin tallar Arthur Sackler ne ya riƙe na Librium da Valium. Wata tallar Serax, ɗan'uwan Valium daga kamfanin Wyeth, ta nuna mace a bayan tsintsiyoyi da sandunan goge ƙasa jere kamar ƙarafan kurkuku, tana gaya wa likita cewa ba zai iya 'yantar da ita ba amma zai iya rage mata damuwa. Wata ta Valium a 1970 ta nuna mace mai shekara 35 da ba ta yi aure ba, ta mai da rashin auren ciwon da ke neman ƙwaya. Abin da ke ci mana rai a nan shi ne masu tallar sun ga ainihin matsalar da idonsu, har sun zana ta, sannan suka ce a bar ta yadda take a ba da magani.

Amma a yi wa likitocin zamanin adalci. Valium ya fi barbiturate aminci nesa ba kusa ba, domin da wuya shi kaɗai ya kashe babban mutum mai lafiya. Kuskuren shi ne an ɗauka abin da ba ya saurin kisa ba ya kama jiki. Tun 1961 wani likitan Amurka, Leo Hollister, ya nuna cewa waɗanda aka ba Librium mai yawa aka tsayar musu farat ɗaya sun shiga mawuyacin hali, har da jijjiga, amma aka ce ai wannan sai an zarce ƙima. Sai a farkon shekarun 1980 masu bincike a Ingila, irin su Malcolm Lader da Peter Tyrer, suka tabbatar cewa ko ƙimar da likita ya rubuta tana kama jiki idan an daɗe ana sha. Kafin nan ƙura ta riga ta tashi a Amurka. A 1975 gwamnati ta sa Valium cikin magungunan da ake sa wa ido, ta taƙaita sabunta takarda. A 1978 Betty Ford, matar tsohon shugaban ƙasa, ta fito fili ta ce giya da ƙwayoyin likita sun kama ta. A 1979 Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zaman majalisar dattawa a kan batun. Ingila ta yanke nata hukuncin a 1988: kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, kuma sai damuwar ta yi tsanani har ta hana mutum harkokinsa. Wannan ƙa'ida tana nan har yau.

Yadda yake aiki shi ne ke bayyana alherinsa da sharrinsa duka. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda ke yi wa jijiyoyi aikin birki. Diazepam ba ya ƙirƙiro sabon abu, ƙara wa wannan birkin kamu yake yi. Shi ya sa ƙwaya guda ke aiki huɗu: rage fargaba, kawo barci, sassauta tsoka, da tsayar da jijjiga. Idan an haɗiye shi yana fara aiki cikin minti 15 zuwa sa'a ɗaya. Fitarsa ce matsala. Kafin rabinsa ya bar jiki sai an yi sa'o'i 20 zuwa 50, sannan hanta tana juya shi zuwa wani sinadarin, nordazepam, wanda shi ma yana aiki kuma yakan kai sa'o'i 100 kafin rabinsa ya fita. Ke nan mai shan ƙwaya ɗaya kowane dare tana ɗora ta yau a kan ragowar ta jiya da ta shekaranjiya, yana ta taruwa har fiye da mako guda. Daga nan ne kasalar safe ke zuwa, da nauyin harshe, da mantuwa. Mantuwar ma iri ce ta musamman: tana tuna abin da ya faru shekara goma baya, amma ba ta riƙe abin da aka gaya mata bayan ta sha. Ga mai girki a kan gas ko risho, mai goyo, mai ba yaro magani a kan lokaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A jikin tsofaffi kuwa ya fi daɗewa, shi ya sa ake ba su rabin ƙima, kuma duk da haka faɗuwa da karayar ƙugu sun yawaita a cikin masu shansa.

Ƙimar da aka saba rubutawa don fargaba ita ce miligiram 2 sau uku a rana, likita yana iya ƙarawa idan hali ya yi tsanani. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa na sa barci ya fara raguwa, domin ƙwaƙwalwa tana rage amsa masa. Sai mai sha ta ƙara rabi. Bayan wata ɗaya ko biyu, ranar da ba ta sha ba sai ga bugun zuciya, gumi, rawar hannu, rashin barcin da ya fi na farko, ƙara da haske suna damunta. Ita da likitanta sai su ce ciwon ne ya dawo, ashe rashin ƙwayar ne. Saboda maganin yana jinkirin fita, alamun kan ɗauki kwanaki kafin su bayyana, wanda ke ƙara ɓoye alaƙar. Ta wannan ƙofa matan da aka rubuta wa na wata ɗaya suka kai shekara goma suna sha.

Haɗi shi ne inda ake mutuwa. Giya, tramadol, kodin, da duk wani abin da ke sa barci, idan suka haɗu da diazepam suna danne numfashi, mutum ya kwanta bai tashi ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa shi da dangin tramadol da kodin a 2016, ta ƙara wani a 2020 kan yadda yake kama jiki. Akwai kuma haɗin da ba a cika lura da shi ba: omeprazole da cimetidine na gyambon ciki, da fluconazole da mata ke sha don ƙaiƙayin gaba, suna rage saurin da hanta ke fitar da shi, sai ƙwaya ɗaya ta yi aikin da ya fi nata. Mai ciwon hanta mai tsanani, mai matsalar numfashi, da mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, ba nasu ba ne. Mai ciki da ta sha shi gab da haihuwa tana iya haifar jariri saɓal-saɓal, mai kasalar tsotso da raunin numfashi. Yana kuma bin ruwan nono.

Inda ya cancanci yabo, ya cancanta sosai, shi ya sa yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Jijjigar da ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, diazepam ta jijiya a hankali, ko ta dubura ga yaro, yana iya tsayar da ita cikin mintuna, muddin ma'aikacin lafiya yana lura da numfashi. Allurarsa a tsoka ba ta da tabbas, jiki ba ya ɗaukarsa daidai. Yana aiki ga tetanus mai sandarar da jiki, ga mashayin giya da ake raba shi da ita, ga mai tsoro kafin tiyata. Sai dai a jijjigar masu ciki an bar shi a baya: babban gwajin da aka wallafa a 1995 ya nuna magnesium sulphate ya fi shi hana jijjigar dawowa.

Wadda ta riga ta daɗe tana sha, abu mafi haɗari gare ta shi ne ta watsar da shi rana ɗaya don zuciya ko don wa'azi ya ratsa ta. Hakan na iya jawo jijjiga da ruɗewa. Yaye ake yi, a hannun likita. Farfesa Heather Ashton ta gudanar da asibitin wannan aiki a Newcastle daga 1982 zuwa 1994, kuma tsarin da aka gina a kai shi ne a riƙa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da ake sha a rana, duk mako ɗaya zuwa biyu. Mai shan miligiram 20 za ta iya rage 2 a kowane zango, idan ta sauko ƙasa da 10 ta koma rage 1, ƙarshen kuma rabin miligiram a kowane zango. A nan ƙwaya mai miligiram 2 ke da amfani, don ana iya raba ta. Idan alamu sun yi tsanani a wani mataki, a tsaya a nan har jiki ya daidaita, ba a koma sama ba. Aikin watanni ne, wani lokaci har shekara. Jinkirin fitar da ya sa diazepam taruwa shi ne kuma ya sa ya fi sauran danginsa daɗin yaye, har akan mai da masu shan Lexotan ko Ativan kansa kafin a fara ragewa.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Binciken shan ƙwayoyi na Najeriya na 2018, wanda UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya tallafa, ya ƙiyasta masu sha miliyan 14.3, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Bambancinmu da Amurkan 1970 shi ne can likita ne ke rubutawa, nan kuwa sau da yawa ƙawa ce ke miƙo wa ƙawarta, ko a aiki yaro kemis, alhali doka ba ta ba masu kemis na unguwa izinin sayar da shi ba, sai kantin da ke da masanin magunguna kuma da takardar likita. Ba wanda ke lissafin mako huɗu, ba wanda ke tambaya ko tana shan maganin tari mai kodin.

Kuma yawancin abin da ake sha dominsa yana da suna da magani na daban. Bugun zuciya da gajiya na iya zama ƙarancin jini, gwajin jini kaɗan zai nuna. Rama da gumi da rawar hannu na iya zama maƙoƙo mai aiki fiye da ƙima. Kuka da rashin barci bayan haihuwa ciwon damuwa ne sananne, wanda diazepam ba ya warkarwa, yana ma iya zurfafa shi. Ga fargaba mai daɗewa, magunguna irin su sertraline da fluoxetine sun fi dacewa, tare da zaman tattaunawa da masani, sai dai suna ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu, kuma a gaya wa mai sha hakan tun farko don kada ta ce ba sa aiki ta koma D5. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, suna duba irin wannan ba sai an kwantar da mutum ba. Wadda za ta je, ta tafi da kwalin duk abin da take sha, ta faɗi adadin gaskiya na kowace rana da tsawon lokacin da ta yi tana sha, domin a kan wannan adadin za a lissafa ragin farko.