Hutun bakin teku: Badagiri, Grand-Popo, Ada Foah ko Kiribi, ina za ka kai kuɗinka?

Duk wanda ya taso a arewa bai taɓa ganin teku ba, in ya tara 'yan kuɗinsa ya ce bana sai ya kai iyali bakin ruwa, abin da ya fara kallo hotuna ne, farin yashi da bishiyoyin kwakwa, kuma gaskiya a hoto duk garuruwan nan kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin ruwan kansa. Tekun da ya taso daga Legas ya bi ta Jamhuriyar Binin da Togo har Gana ba ruwan wasa ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi kuma akwai jan ruwa ta ƙasa da ke fizgar mutum ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba, mu kuma yawancinmu iyon da muka iya na kududdufi ne ko na gulbi, wasu ma ko shi babu. Don haka ni ma'aunina na farko shi ne: garin yana da ruwa mai sanyin hali da yara za su iya kusanta? Sai hanya da takardu, sai abinci da wurin sallah.

Badagiri ita ce mafi sauƙi ga ɗan Najeriya, ba fasfo ba canjin kuɗi, daga Legas ka kama hanyar Seme shi ke nan, sai dai ka shirya wa cunkoso da shingayen jami'ai don hanyar boda ce. Akwai tarihi sosai, gidan benen mishan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, gidajen tarihin cinikin bayi, da tsibirin Gberefu da ake tsallakawa a kwale-kwale a taka har inda a da ake loda bayi a jirgi. Masallatai kuwa ba matsala, kwakwa kamar a ba ka kyauta. Amma a ganina Badagiri ta kwana ɗaya ce ko biyu, ka ga tarihi ka sha iska ka juyo, tekunta mai zafin rai ce kuma in hutun kai kake nema hayaniyar Legas ba ta gama sakinka ba a nan.

Grand-Popo kuwa tana Jamhuriyar Binin, can yamma dab da iyakar Togo, wajen kilomita 80 daga Kwatano. Ƙaramin gari ne a miƙe tsakanin teku da kogin Mono, shiru, da dare ba abin da za ka ji sai rurin ruwa. Tekun nan fa kar ka shiga, su kansu masu otal za su gaya maka, kallo kawai da taka yashi. Daɗin wurin yana kan kogin ne, ka ɗauki kwale-kwale a bi da kai ta cikin itatuwan ruwa da ƙauyukan masunta har inda Mono ya faɗa teku, wurin da suke kira Bouche du Roy, a hanya za ka ga mata na dafa gishiri. A kan hanyarka daga Kwatano kuma akwai Wida, inda a 1995 aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka fitar, ka tsaya ko na rabin yini ne. Abin da ya kamata ka sani tun daga gida shi ne yankin na masu addinin gargajiya ne da Kirista, musulmi ba su da yawa, za ka ga wuraren bautarsu a bakin hanya, kuma in ka je wajen 10 ga Janairu lokacin bikin Vodun ne, wato addinin gargajiyar nasu, ɗakuna na ƙarewa su yi tsada. Ka tafi da dardumarka, nama kuma ka haƙura da shi ka riƙe kifi, ko ka yi tsaraba daga Zongon Kwatano inda 'yan uwa suke cike, nan ma za ka samu masu canji su ba ka sefa. Faransanci ake yi, in ba ka ji to ka nemi direba Bahaushe tun daga Zongo, suna nan.

Ada Foah a Gana ita ce na fi ba mai iyali shawara, kuma dalilin ruwan ne dai. Garin yana daidai inda kogin Volta ya haɗu da teku, wajen kilomita 100 gabas da Akra, in ka taso a mota ta Togo ka tsallaka bodar Aflawo ma ba sai ka shiga Akra ba, a mararrabar Kasseh za ka sauka ka kama hanyar da ta yi kudu. Akwai wani siririn yashi da in ka tsaya a kai teku na hannunka ɗaya yana ta hauka, kogi na ɗaya hannun a kwance lumui, to ɓangaren kogin nan ne yara ke samun sakewa, Hajiya ma ta zauna a inuwa hankalinta kwance. Duk da haka kar a bar yaro shi kaɗai, kar a hau kwale-kwale ba rigar kariya ko da mai jirgin ya ce ba komai, kuma ruwan Volta an san shi da tsargiya, don haka wanka a ciki a taƙaita, in yaro ya dawo gida yana fitsarin jini a kai shi asibiti a faɗa musu inda aka je. Masauki iri biyu ne, manyan otal na bakin kogi masu wurin iyo da tsada, da bukkokin ciyawa can bakin mahaɗar ruwan da sai da jirgi ake zuwa, masu araha amma ruwa da wuta sai a hankali. Ranar Asabar da Lahadi mutanen Akra ke cika wurin da kiɗa da shaye-shaye, in ba ka son wannan ka zo Litinin ka bar garin kafin Juma'a, haka farkon Agusta lokacin bikinsu na Asafotufiami gari ba masaka tsinke. Turanci ake yi, kuɗinsu sidi, kuma Gana ta fi Binin cin aljihu, wannan kam ka sa a lissafi.

Kiribi a Kamaru ita ce ta fi su kyau in dai kyau ake magana, tekunta ma ya fi lafawa har ana shiga a wasu wuraren, ga ruwan Lobe da ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku 'yan kilomitoci kudu da gari, ga kasuwar kifi a bakin ruwa da za ka zaɓi kifinka ko jatan lande a gasa maka a gabanka. Masu tsire da mahauta galibi mutanen arewa ne, nama ba fargaba. Ga ɗan Garwa ko Marwa ko Njamena ita ce zaɓi, jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde sai mota. Ga ɗan Kano ko Zinder kuwa tafiyar ta yi tsawo, jirgin sama zuwa Duwala ya fi sauƙi, hanyar mota ta Kalaba kuma tana ratsa yankin masu Turanci na Kamaru da ake rikici tun 2016, ban ba kowa shawarar bin ta da iyali ba. Sefarsu ma daban take da ta Binin da Nijar, darajarsu ɗaya amma ba a karɓar wannan a wurin waccan.

Maganar takardu, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Binin da Togo da Gana saboda ECOWAS, amma ka riƙe fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, rashin katin nan shi ke jawo tsaiko da kashe kuɗin banza a boda. 'Yan Nijar kuma ku binciki halin da iyakar Gaya da Malanville take ciki kafin ku sayi tikiti, tun 2023 al'amarinta bai daidaita ba. Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, damina a gaɓar Legas zuwa Gana tana sauka da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, sai dai ƙarshen Disamba farashi na tashi ko'ina. Sauro akwai, ka tambayi ɗaki mai gidan sauro, kuma kar ka tura kuɗin ɗaki duka tun kana gida, ka biya na kwana ɗaya ka gani da idonka ko akwai ruwa a banɗaki da janareta, ko mashaya ba ta jingine da tagarka ba.

In kai kaɗai ne ko kai da amarya kuma aljihun matsakaici, ka tafi Grand-Popo ka biya ta Wida. In da yara, ka ƙara tara kuɗin ko da zai kai ka wata shekara ka kai su Ada Foah, ka kama ɗaki ta ɓangaren kogi.