Planning Portal da mayar da gareji ɗaki a Ingila: inda ya isar da inda ya gaza

Planning Portal shi ne shafin intanet da ake miƙa takardun neman izinin gini ta cikinsa a Ingila da Wales, kuma can mai gida yakan fara leƙawa idan ya ƙudurta mayar da garejin da ke tsaye shi kaɗai a harabar gida ofis ko ɗakin kwana. Karanta bayanansa kyauta ne. Ya cancanci a fara da shi, amma wanda ya tsaya a shafin gareji kaɗai ya kira magini, yana iya tafka asara. Alƙaluman da za su biyo baya duk na Ingila ne.

Abin yabo na farko shi ne yadda ya raba abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa. Izinin tsara gari daban, amincewar masu duba ingancin gini daban: kowanne da ofishinsa, da kuɗinsa, kuma samun ɗaya ba ya ɗauke wa mutum neman ɗayan. Shafin ya ce yawanci ba a buƙatar izinin tsara gari idan aikin na ciki ne kuma ba a faɗaɗa ginin ba, amma idan za a mayar da garejin gida mai zaman kansa, ana iya buƙatar izini ko wane ne zai zauna a ciki. Duk gaskiya ne.

Matsalar tana cikin kalmar "yawanci". Shafin ba ya ganin gidanka. Rukunin gidaje da yawa an ba su izini ne bisa sharaɗin cewa gareji zai ci gaba da zama wurin ajiye mota, kuma wannan sharaɗin yana cikin ainihin takardar izinin gidan, a rajistar ƙaramar hukuma. Akwai unguwannin da aka janye wa damar yin aiki ba da izini ba ta umarnin Sashe na 4, akwai gidajen da aka yi wa rajistar tarihi, ga kuma sharuɗɗan da ke cikin takardun mallakar gida, waɗanda ba ruwan ƙaramar hukuma da su amma suna nan daram.

Sai batun tsayi, wanda ya fi cizon mai gareji a ware. Kayan tare sanyi suna cin ɗaki ta ƙasa da ta sama, sai mutum ya so ɗaga rufi. Dokar 2015 ta ayyukan da ake yi ba da neman izini ba, Rukunin E, ta tsayar da tsayin ginin harabar gida a mita 2.5 idan yana cikin mita 2 daga iyakar fili, kuma galibin garejin nan jikin katanga aka gina su. Wannan bayani yana nan a Planning Portal, sai dai a shafin gine-ginen harabar gida, sai mutum ya san da shi kafin ya nemo shi.

Hidimar da ta fi kowacce amfani a shafin ita ce neman takardar shaidar halaccin aiki, wadda ke tabbatar da cewa aikin ba ya buƙatar izinin tsara gari. Kana loda taswirar wurin, da zanen garejin yadda yake da yadda zai koma, ka bayyana abin da za a yi da shi, ƙaramar hukuma ta yanke hukunci, a ƙa'ida cikin mako 8. Kuɗinta rabin na cikakken izini ne, wanda aka kai fam 528 a Afrilun 2025, kuma shafin yana ɗora nasa ladan a kai, abin da ba kowa yake lura da shi ba sai wurin biya. A bayyana gaskiya a takardar. Ɗaki mai kicin da banɗaki da ƙofarsa, wanda za a ba ɗan haya, gida ne daban a idon hukuma, kuma tun Afrilun 2024 tana da shekara 10 ta ɗauki mataki, ba 4 ba kamar da.

A ɓangaren ingancin gini shafin ya yi gajarta ƙwarai. Ya lissafa ƙofofi da tagogi, bango, rufi, wuta da magudana, ya bar mutum da littattafan ƙa'idoji. Ga abin da ya kamata a sani. Ƙa'idojin gini na 2010 sun yafe wa ƙaramin gini a ware mai hawa ɗaya da faɗinsa bai wuce murabba'in mita 30 ba, muddin babu wurin kwana a ciki, kuma ko dai ya ba iyaka tazarar mita 1 ko an gina shi da abin da ba ya cin wuta. Ranar da aka mayar da shi wurin kwana, yafewar ta faɗi.

Daga nan sai aiki. Daɓen gareji galibi babu ledar hana danshi a ƙarƙashinsa, kuma a karkace yake don ruwa ya gangara waje. Sai an daidaita shi, a shimfiɗa leda mai kaurin geji 1200, a haɗa bakinta da shingen danshi na bango, wanda ya kamata ya ɗara ƙasar waje da milimita 150. In an bar rata tsakaninsu, nan danshi yake hawa ya ruɓar da katako. Bangon kuma sau da yawa jan bulo ne layi ɗaya, kaurin kusan milimita 100, ruwan sama yana ratsa shi. Wanda ya manna allon filasta kai tsaye zai ga baƙin gansakuka a hunturun farko; a bar rata, a kafa firam na ciki da kayan tare sanyi. Ma'aunin zubar zafi da Sashe na L na ƙa'idojin gini yake nema ga tsohon gini da aka gyara shi ne 0.30 a bango, 0.25 a daɓe, 0.16 a rufi.

Inda ƙofar mota take kuwa, sau da yawa babu fandisho, daɓe ne kawai. Mai duba gini zai so a haƙa rami ya gani kafin a ɗora bulo, in babu, sai sabon fandisho ko linta da ta hau kan na gefe biyu. Tagar tserewa a ɗakin kwana buɗewarta ta kai murabba'in mita 0.33, kowane gefe aƙalla milimita 450, gindinta kada ya wuce milimita 1100 daga ƙasa. Fankar banɗaki ta ja lita 15 a daƙiƙa. Sabon layin wuta daga gida aikin ma'aikaci mai rajista ne, in ba haka ba sai an sanar da masu duba gini, galibi da waya mai sulke, ko da garejin yana cikin yafewa. Rufin garejin da aka gina kafin 2000 yana iya zama na asbestos, wanda aka haramta a 1999, don haka a gwada kafin a taɓa shi da injin yanka.

Hanya biyu ake neman amincewar. Sanarwar gini tana ba da damar fara aiki bayan kwana 2 na aiki, amma sai an gina ake gane kuskure. Cikakken zane yana ɗaukar mako 5, ko fiye da haka in an yarda da ƙarin lokaci, kuma ga gareji a ware da za a kwana a ciki, shi na fi ba da shawara. A ƙarshen aiki a karɓi takardar kammalawa a adana, domin lauyan mai saye zai nema. Wanda ba shi da ita sai ya nemi takardar daidaitawa, wadda ta fi tsada, kuma ana iya sa shi ya fasa daɓe ko bango don a ga abin da ke ciki.