Wasiƙa daga Jamus: kafin ka biya kuɗin wannan babban mashin

Assalamu alaikum ƙanina. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da su Hajiya. Na ga hotunan mashin ɗin da ake son sayar maka, BMW S1000RR, na kuma ji tambayarka, wai ko gaskiya ne injinan manyan mashinan zamani ba su da ƙarko. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani a garejin da nake aiki a nan kusa da Kolon.

Injin yana da ƙarko, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba sa shiga kwantena su biyo shi zuwa Legas ko Kwatano.

Fara da sanin irin aikin da ake sa ƙarfen nan. Boxer ɗin da ka saba hawa ƙarfinta bai wuce na doki takwas ba. S1000RR kuwa, tun fitowarsa a 2009, ƙarfin doki 193 gare shi daga inji mai cc 999, na yanzu ma ya haura 200. Yana juyi fiye da sau 14,000 a minti ɗaya, wato kowane fistin yana hawa da sauka sama da sau 230 a daƙiƙa guda. Don ya iya haka sai da aka rage wa kowane ƙarfe nauyi iyakar ragewa. Yamaha R1 tun 2015 da titaniyom ake yin sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf. Kuskuren da Boxer za ta haɗiye ta ci gaba da tafiya, a nan shi ne zai buga inji.

Masana'antun ma sukan yi nasu kuskuren. A 2012 BMW ya kira mashinan S1000RR na wannan shekarar su dawo saboda kusoshin sandar fistin na iya kwancewa. A ƙarshen 2015 Yamaha ya kira sababbin R1 saboda haƙoran giya na iya karyewa. To a nan ne bambancin ƙasar nan da gida ya fi fitowa fili. Akwai hukumar kula da ababen hawa da ake kira KBA a garin Flensburg, tana da suna da adireshin duk mai mashin da aka yi wa rajista. Wasiƙa ce za ta same ka har gida, ka kai wa dila, a gyara ba ka biya ko kwabo ba. In matsalar mai haɗari ce ka ƙi kaiwa, suna iya soke rajistar. Mashin da ya bar ƙasar kafin wasiƙar ta fito, da lahaninsa ya tafi, wanda ya saya a Kano kuma ba mai sanar da shi.

Sai littafin sabis. Bajamushe mai sayen tsohon mashin kafin ya kalli fenti, littafin yake buɗewa ya ga hatimin gareji. Sabon S1000RR ma kwamfutarsa ba ta barin injin ya kai ƙarshen juyinsa sai an yi sabis ɗin farko a kilomita 1,000 an buɗe shi. Daga nan kowace kilomita 10,000 ko shekara ɗaya a koma, a kilomita 30,000 kuma a buɗe kan inji a auna tazarar bawul ɗaya bayan ɗaya, guda 16. Na Yamaha R1 yana kai wa wajen 40,000 kafin wannan aikin. Ducati Panigale V4 kuwa a 24,000 ake yi, kuma nasa ya fi cin lokaci, don ba sifirin ke rufe bawul ɗinsa ba, wani hannu ne na ƙarfe, sai an auna buɗewa an auna rufewa. Kuɗin aikin bakanike na awa ɗaya a wajen manyan diloli ya haura Yuro 100, aikin kuma na yini ne. Ina ganin samari da yawa a nan suna sayar da mashin daidai lokacin da wannan babban sabis ya matso, don gudun kuɗin. Ire-irensu ne masu fitar da kaya waje suke saye da araha.

Akwai wasu da suka fi waɗannan ban tsoro, su ne waɗanda aka yi ta gudu da su a filin tsere, Nürburgring ko Hockenheim. Mita za ta nuna maka kilomita kaɗan, ka ce ka yi dace, alhali kowace kilomita a can injin yana kururuwa ne a ƙarshen ƙarfinsa. In za a sayar sai a mayar masa da fitilu da robobinsa na asali, waɗanda aka ajiye a kwali ba su taɓa ganin faɗuwa ba, ya fito fes. Ka sa a duba maka kan kusar da ake zubar da baƙin mai, in akwai ƙaramin rami da aka huda don ɗaure waya, alamar filin tsere ce.

Mu ɗauka ma ka samu lafiyayye. Me za ka ba shi ya sha? A gidan mai a nan akwai fetur mai lamba 95, akwai mai 98, a rubuce a jikin famfo, kuma abin da aka rubuta shi ne a ciki. Waɗannan injina suna matse iska da mai har ninki 13 ko 14 kafin fulogi ya kunna, don haka mai mai ƙaramar lamba yakan kama wuta kafin lokacinsa, yana dukan kan fistin. A gida iri ɗaya ne ake sayarwa, ba lamba, ga na 'yan bumburutu a galan. Ba ka manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 ba, mai sinadarin methanol, wanda ya kwantar da motocin mutane. Haka baƙin mai. Na mashin daban ne da na mota, domin shi ne ke wanke inji da giya da kuloci gaba ɗaya. In aka zuba na mota kuloci ya fara sulluɓewa, in aka zuba jabu kuwa, a wannan juyin, metal ɗin da karanshaf ke juyi a kansa ba zai daɗe ba.

Zafi ma abin dubawa ne. An ƙera su ne don iska ta riƙa dukan lagireto da gudu. A nan ƙasar da yawa daga masu su lambar rani kawai suke yanka, daga Maris zuwa Oktoba, sauran watannin mashin yana ɗaki a rufe. Kai kuwa za ka tsaya da shi a cunkoson Kano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, fanka tana ta aiki ba hutu. Lokacin hunturu ƙura ta toshe matatar iska. Na kuma san ɗabi'armu ta zuba ruwan rijiya a lagireto da cire abin daidaita zafi, da murɗa totur a tsaye ranar biki, da ɗaga gaba a yi nisa a kan taya ɗaya, wanda ke sa mai ya gudu baya famfo ya zuƙi iska.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ya lalace. Bakanikenmu na gida ina girmama shi ƙwarai, da kunne yake gane ciwon inji, ya kuma tayar da abin da a nan sai dai a jefar. Amma wannan ba ya sauraron kunne kaɗai, sai an jona masa kwamfutar kamfaninsa. Silindarsa ba irin ta Boxer ba ce da za a kai a yi boring a sa babban fistin, wani siririn shafe ne mai tauri a jikin alminiyom, in ya karce sai a sake shafen a masana'anta ko a sayi sabon bulok. Ni a nan in na yi odar kaya yau, yawanci gobe ko jibi sun iso. Kai sai ka zaga Kofar Ruwa kaf ba ka samu gasket ɗinsa ba, ka dawo kana jiran jirgi da kwastan. Kamar dokin sukuwa ne da aka raba da bargarsa da mai kula da shi.

Ko a nan Turai kasuwarsu ja baya take yi. Daga 2025 Yamaha ya daina sayar da R1 don hawa titi a Turai saboda dokar hayaƙi, sai na filin tsere kawai. Abin da na fi gani a ƙofar garejinmu yanzu matsakaita ne, irin su Yamaha MT-07 mai cc 689 da silinda biyu, da Suzuki V-Strom 650, da Honda CB500X. Injinansu ba a matse su haka ba, suna jure mai, gyaransu da sauƙi, ƙarfinsu kuma ya ninka na Boxer sau biyar zuwa tara. A nan ba a ma ba wa ɗan shekara 18 lasisin babban mashin, da mai kilowat 35, wato ƙarfin doki kusan 48, zai fara, sai ya shekara biyu a kai ko ya kai shekara 24. Wannan dokar ina ganin hikimarta, kuma ba na son ka tsallake daga Boxer kai tsaye zuwa doki 200.

Shawarata ka bar wannan ka nemi ɗaya daga cikin matsakaitan. In kuwa ranka ya kafe a kansa, turo min lambar jikinsa, haruffa da lambobi 17 ne a wuyan firam, da hoton kowane shafi na littafin sabis. Zan kai wa dila a nan a duba ko an taɓa kiransa gyara, da ko an yi. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ji daga gare ni. Ka gaida min Hajiya da kyau, ka ce mata saƙonta yana hanya.